Harajin kayan intanet: wa zai karɓa, kuma yaushe?

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan harajin kayan da ake saye ta intanet ko ake yin odarsu ta gidan waya. Masu muhawara sun tsaya kan a sa ko kada a sa, alhali inda gizo ke saƙa shi ne wajen karɓa.

A Amurka, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar kamfanin Quill a 1992 ya hana jiha tilasta wa mai sayarwa ya karɓar mata haraji, sai in yana da shago, sito ko ma'aikaci a cikinta. Sai aka bar wa mai saye ya kai harajin da kansa, kuma kusan ba mai kaiwa. Kotun Ƙoli ta soke wannan a Yunin 2018 a shari'ar Wayfair, wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet. Dokar jihar Dakota ta Kudu da aka yi shari'ar a kanta ta sa ma'auni biyu, wanda ya kai ɗayansu a jihar dole ya karɓar mata haraji: cinikin dala 100,000 a shekara, ko ciniki sau 200. Na biyun ne ya zame wa ƙananan 'yan kasuwa ƙarfen ƙafa. Wanda ya sayar da kayan dala 5 sau 200, dala 1,000 kacal ya tara, amma dole ya yi rajista ya riƙa cike takardu kamar babban kamfani. Jihar ta cire wannan sharaɗi a 2023, kuma ta yi daidai.

Tarayyar Turai kuwa ƙaryar farashi ce ta dame ta. Da can ƙunshin da bai wuce yuro 22 ba ba ya biyan VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, sai ka ga waya sabuwa fil an rubuta mata yuro 15. Daga 1 ga Yulin 2021 aka toshe ƙofar. Yanzu kayan da ba su wuce yuro 150 ba, dandalin da aka yi cinikin ko mai sayarwar yana iya cire harajin tun lokacin biya, bisa adadin ƙasar mai saye, ya miƙa lissafi wata-wata a ƙasa ɗaya ta tsarin IOSS, wato kafar biyan VAT na kayan da ake shigowa da su Tarayyar a wuri guda. Wannan ya fi, domin dandalin ne ke ganin ainihin kuɗin da aka biya.

Sai dai akwai inda yake cijewa. Idan lambar IOSS ba ta shiga bayanan kwastan ba, sai a sake cajin mai saye a bakin ƙofarsa, kamfanin kai kaya kuma ya ɗora nasa ladan. Wanda hakan ta same shi ya ajiye rasit biyun, ya nemi mai sayarwa ya mayar masa da harajin farko.

Naku,
Mai karanta jaridarku