Gyare a cikin ambar: a gwada kafin a biya kuɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu sayen tasbaha da duwatsun ado a Kumasi, game da ɗan dutsen nan ruwan zuma mai gyare a ciki da ake tallarsa da sunan ambar.

Ambar ƙaron itace ne da ya kwanta a ƙasa miliyoyin shekaru har ya taurare. Na kwarin Hukawng a Myanmar ya kai kusan shekara miliyan 99, na Jamhuriyar Dominika kuwa miliyan 15 zuwa 20. Wanda ake tonowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma kofal ne, ɗan'uwan ƙaron maje da ake turare da shi, bai tsufa ya zama ambar ba.

A fara duban gyaren kansa. Ƙaro ƙananan ƙwari yake iya riƙewa, babba kan fizge ya tsere. Shi ya sa gyaren gaske yawanci ɗan mitsitsi ne, sau da yawa ko fiffike bai yi ba, kuma ba wuya a tarar ƙafar baya ta tsinke wajen kokawar kuɓuta, ga ɓurɓushin ganye kewaye da shi. In ka ga ƙaton gyare ya baje ƙafafu shida daidai tsakiya, ba ko ƙura, hannun mutum ne ya ajiye shi aka zuba roba.

Sai gwajin gishiri. A narka giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, a jefa dutsen ba tare da zare ko ƙarfe ba. Ambar zai taso, gilashi da yawancin robobi su nutse. Amma kofal ma yana tasowa, nan ne mutane ke ruɗewa. Abin da ke raba su ɗigon asiton ne, wato ruwan goge jan farce: a ɗiga a bayan dutsen, in wurin ya yi danƙo, kofal ne. Allura mai zafi tana fitar da ƙamshin ƙaro daga na gaske da ƙaurin roba daga na jabu, sai dai tana barin tabo, mu ba mu so a yi ta sai dole.

Akwai dabarar da ke tsallake waɗannan duka: a raba ambar na gaske biyu, a rarake, a cusa ƙwaron yau, a manne. Sai an haska tocila daga gefe, an sa gilashi mai ƙara girma sau 10, layin mannin yake fitowa.

Wanda ya dace da na gaske ya raba shi da rana da turaren feshi, don suna tsattsaga fuskarsa. Kada kuma a goge shi da yawa har gugar ta cinye dutsen ta taɓa gyaren: a ƙafafun gaba kunnuwan gyare suke, a fiffiken namiji kuma haƙoran da yake kuka da su, kuma su masu bincike ke dubawa.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar duwatsun ado, Zangon Kumasi