Godiya ga masu gyaran famfon da suka dawo mana da ruwan zafi a Luton

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa taku ce, ku ma'aikatan ɗan kamfanin gyaran famfo da ɗumama gida da ke unguwarmu a Luton. Na yi muku godiya baki da baki a ƙofar gida, amma raina bai kwanta ba. Na rubuta da Hausa ne don 'yan uwana mazauna Ingila su ji, domin da yawansu suna da irin tankinmu na ruwan zafi a gida kuma ba su san kansa ba, kamar yadda ni ma na yi shekara huɗu ina wuce shi a lungu ban san aikinsa ba.

Da shigowar sanyi ruwan ya fara yi mana wasa da hankali. Ka buɗe shawa ya zo da zafinsa, kafin ka gama saɓa sabulu ya koma ɗumi-ɗumi, can kuma sai sanyi ƙarara. Alwalar asuba ta zama jarabawa. Maiɗakina ta koma dafa ruwa a butar lantarki tana sirka wa yara a bokiti kafin makaranta, tana cewa ashe Funtuwa ce ta biyo mu har nan. Abin da ya ɗaure mini kai, hitocin bango suna aiki lafiya lau, bututun da ke jikin tankin kuma ba ya taɓuwa don zafi. To ina zafin yake zuwa?

Wani ya zo kafin ku. Ko durƙusawa bai yi ba, ya leƙa ya ce tankin ya tsufa, a cire a sa sabo. Kuɗin da ya yanka sai da na nemi kujera.

Ranar da kuka zo, dattijon cikinku ya ga takalmanmu jere a bakin ƙofa, ba wanda ya ce masa komai, ya zaro ledoji ya rufe nasa, yaronsa ma haka. Ya miƙo mini katinsa na Gas Safe, rajistar da ta maye gurbin CORGI a 2009, wadda doka ta ce sai mai ita zai taɓa tukunyar gas, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida. Sannan ya ce in buɗe famfon kicin in bar shi yana zuba, shi kuwa ya tsuguna ya dafa bututu biyu, ya yi shiru kamar mai sauraren bugun zuciya.

A nan ya yi mini karatun da ya sa nake wannan rubutu. Ashe ruwan da ke cikin tankin ba shi ne ke fitowa a famfo ba, ko ɗigo. Tukunyar gas tana dafa shi ya kai digiri 70 zuwa 80, ya zauna a matsayin rumbun zafi kawai. Idan ka buɗe famfo, ruwan sanyi na gari ne ke bi ta wata 'yar na'ura mai siraran faranta na ƙarfe, ruwan tanki yana bi ta ɗaya gefen, zafi ya ratsa ƙarfen ba tare da ruwayen sun haɗu ba. Na ce masa kamar dai uwa ta tsoma kwalbar madarar jariri cikin kwanon ruwan zafi. Ya yi dariya ya ce zai ari misalin. Daga nan wani bawul ke sirka ruwan ya sauko wajen digiri 55 don kada ya ƙona mutum. Shi ya sa shawarmu ke da ƙarfi irin na ruwan gari, kuma shi ya sa tanki zai iya tafasa kai kana rawar ɗari a banɗaki.

Cutar tamu alli ce. Ruwan Luton daga ƙarƙashin tuddan alli na Chiltern ake jawo shi, kuma idan ya ji zafi sai allin ya kwanta. Ya ce in ɗauko butar lantarkin, muka leƙa gindinta, ga farin ɓawo nan ya daskare. Da ya kwance na'urar farantan ya haska bakinta da tocila, irin ɓawon ne ya cushe ramukan, har ya kankaro ɗan guntu da farce ya ɗora mini a tafin hannu. Ya gwada ɗan injin da ke tura ruwa da makunnin da ke tada shi idan an buɗe famfo, ya ce lafiyarsu ƙalau, ba zai canja abin da bai mutu ba. Wannan maganar ta fi komai burge ni, don da ya ce duk sun lalace, wallahi biya zan yi.

Yaron ne ya hau tsani ya gano saura. Akwai ƙaramin tanki a saman babban, wanda ke cike gurbin ruwan da ya ragu, namu kuwa irin wanda ake cikawa da hannu ne, kuma ya kusa ƙafewa. Shekara huɗu ban taɓa ɗaga murfinsa ba. Da suka tsiyayo ruwan babban tankin a roba, baƙi ƙirin ya fito kamar ruwan tawada, tsatsar cikin hitoci ce. Suka zubar, suka wanke, suka cika da sabo tare da sinadarin hana tsatsa, suka sa sabuwar na'urar faranta, suka ɗaura abin rage alli a inda ruwa ke shigowa gida. Kafin la'asar an gama, kuɗin kuma bai kama ƙafar wanda aka fara yanka mini ba. Shayi kawai suka karɓa, shi ma da ƙyar.

Na tambayi dattijon ko in rage zafin tankin don kuɗin gas ya sauka. Ya girgiza kai ya ce idan rumbun ya huce, ruwan famfo ne zai fara kukan rashi, in bar shi inda ya saita. Ya rubuta mini a takarda ya manna a bayan ƙofar lungun: in riƙa leƙa ƙaramin tankin duk bayan 'yan watanni, in kira su sau ɗaya a shekara, kuma duk ranar da ruwa ya sake fara hucewa a tsakiyar wanka kada in jira ya mutu.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya sa yaron nan ya gaji hannun maigidansa. Duk ɗan uwan da ke kusa da Luton yake son lambarsu, ya tare ni bayan sallar Juma'a. Yanzu rigimar gidanmu ta koma ta fito da babbar 'yata daga banɗaki.

Naku,
Wani magidanci a Luton