Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Ƙwallon Kwando A Katsina

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Uban ƙungiya, mai girma Shugaba, dattawanmu na kwamitin amintattu, iyayen yara, da 'yan'uwa membobi na cikin birni da na Daura da Dutsin-Ma da Funtua, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga bayanin abin da muka gudanar daga Janairu zuwa Disamba, kamar yadda dokar ƙungiya ta ɗora wa sakatare. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai karanta shi ranar babban taro da rasiɗansa, saboda haka ba zan shiga gonarsa ba sai inda magana ta tilasta.

Mun buɗe shekara cikin hunturu, iska tana kwaso ƙura ta shimfiɗa a kan siminti, kullum sai yara sun yi shara kafin a taɓa ƙwallo. Atisaye bai tsaya ba, sau uku a mako bayan la'asar. Da azumi ya kama a farkon Maris muka mayar da shi bayan asham, da fitilun sola biyu da wani memba ya ara mana, Allah ya saka masa da alheri. Bayan ƙaramar salla muka shirya wasan 'yan uku-uku tsakanin unguwanni, wanda ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, minti 10 ko wanda ya riga kai maki 21. Yaran Ƙofar Ƙaura da na Ƙofar Marusa da na Ƙofar Sauri da na Rafin Daɗi duk sun fito, kuma an tashi lafiya ba tare da rigima ba. Shawarata mu riƙe irin wannan wasa da kyau, domin ba ya cin kuɗi, kuma yaron da ba ya samun shiga cikin 'yan biyar yana samun ƙwallo a hannunsa.

Babban al'amarin bana shi ne tafiyar Kocinmu zuwa Abijan, kuma a kansa zan daɗe, tun da shi ya ci kaso mafi tsoka na asusunmu, shi ne kuma ya fi jawo ka-ce-na-ce.

Waɗanda suka halarci zaman watan Mayu za su tuna yadda aka yi. Koci ya nemi a taimaka masa ya je kallon gasar AfroBasket ta mata, wato gasar cin kofin Afirka, da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta shirya a ƙasar Kodebuwa daga 26 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta. Wasu dattawa suka ce fili ya tsage, allon kwando ya fara ruɓewa, ina mu ina tura mutum kallo wata ƙasa, kuma gasar ma ta mata, alhali ba mu da ko yarinya ɗaya a ƙungiya. Maganarsu tana kan hanya, ni kaina a ranar zuciyata ta rabu biyu. Aka kaɗa ƙuri'a, masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, bisa sharaɗin ƙungiya ta ɗauki kuɗin mota kawai. Sauran guzuri Koci ya cika daga aljihunsa. Ragon da ya yi wata da watanni yana kiwo ya sayar ana gobe jajibirin babbar salla. Bai gaya wa kowa ba, daga bakin ƙaninsa muka ji.

Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu, don haka ta ƙasa ya bi. Motar dare daga nan zuwa Legas, daga Legas ya kama hanyar bakin teku: iyakar Seme ya shiga Benin, ya ratsa Kwatano, ya faɗa Togo ya wuce Lome, ya tsallaka Gana ta Aflawo, ya bi ta Akra har Elubo, sannan ya shiga Kodebuwa ta Nowe. Iyaka huɗu ke nan. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a waɗannan ƙasashe saboda yarjejeniyar ECOWAS, fasfo ne da katin allurar rigakafin shawara. Amma kuɗi sai da ya canza sau uku, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, sannan ya koma sefa, kuma kowane canji da abin da yake zaftarewa. Da shigarsa Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, har ya ce ranar farko ya tashi sallar asuba ya tarar dare bai ƙare ba. A ɗaya daga cikin iyakokin aka tsare motarsu kusan rabin yini a kan kuɗin buga hatimi da ba a ba da rasit a kansa. Ya ce zai biya in za a rubuta masa, domin kuɗin jama'a ne a hannunsa, sai aka ajiye fasfonsa a gefe har sai da sauran fasinjoji suka sa baki. Wannan jinkiri ya sa wasan farko na Najeriya ya wuce shi. Na kawo wannan ne don duk wanda za mu tura nan gaba ya tashi da rarar kwana biyu a lissafinsa.

Ya sauka Abijan ana ruwa, ba Faransanci a bakinsa ko na gaisuwa, kuma kuɗin masaukin da ya tanada bai kai na kwana uku ba. A unguwar Tireshbil, inda zauren wasannin yake, ya shiga wani masallaci sallar magariba. Ana sallamewa ya ji mutum biyu a bayansa suna ciniki da Hausa. Ya juya ya yi musu sallama. Ɗayansu dattijo ne mai fataucin albasa, mutumin Maraɗi. Da ya ji daga inda baƙon ya fito sai ya riƙe hannunsa ya ce ai Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, ba za a ce Bakatsine ya kwana a otal yana garin ba. Ɗakin ɗansa ya ba shi, ɗan kuma ya zama tafintansa har aka gama gasa. Kwana tara yana cin aceke, abincinsu na rogo, da soyayyen kifi a gidan nan, ko sisi ba a karɓa ba. Ƙungiya ta aika wa wannan bawan Allah takardar godiya da turmin shadda, kuma ina roƙon membobi su sa shi cikin addu'a.

Abin da ya sa na ce kuɗinmu bai faɗi ƙasa banza ba shi ne yadda Koci ya yi kallon. Awa biyu kafin kowane wasa yana cikin zaure da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya rubuta yadda ake ɗumama jiki daki-daki, daga miƙe gaɓɓai har jifa na ƙarshe kafin usur. Ya zauna kusa da teburin masu riƙe lissafi ya ga aikin kowa: mai rubuta maki da laifuffuka, mai agogon wasa na kwata huɗu masu minti 10, da mai agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa. Ya lura da abin da mai horarwa ke yi a minti ɗaya na hutun shawara, ƙaramin allo a hannu, umarni ɗaya ko biyu, ba ihu ba zagi. Littafin yana ofis, ya cika har bangon baya, duk mai so ya zo ya duba.

Sakamakon gasa kowa ya ji shi. D'Tigress, tawagar mata ta Najeriya, ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama, sun fitar da Senegal a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Mali da ci 78 da 64 ranar 3 ga Agusta. Kofi na biyar ke nan a jere tun daga 2017, na bakwai jimilla, kuma Amy Okonkwo ce gwarzuwar gasa. Su ne dai waɗanda suka kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na Paris a 2024, matakin da babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa takawa. Koci ya ce da aka busa tashi bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba.

Sai dai da ya zo ba da bayani a zaman Agusta, ba a kan Najeriya ya tsaya ba, a kan Mali ya tsaya. Yawancin 'yan wasan tawagar Najeriya a Amurka da Turai suka samu horo, kuma wannan hanya ba a buɗe take ga yaran Ƙofar Guga ba. Mali kuwa ƙasa ce irin tamu, rana ɗaya ke dukanmu, ƙura ɗaya, mafi yawan jama'arta Musulmi, aljihun ma ba nisa. Amma 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 16 sun yi shekaru suna ɗaukar kofin Afirka a jere, samarinta 'yan ƙasa da 19 kuma sun kai wasan ƙarshe na duniya a 2019. A wasan ƙarshen nan na Abijan ma 'yan Mali suka fara shiga gaba a kwatar farko. Koci ya samu zama da wani mai horar da yara daga Bamako a cikin 'yan kallo, ɗan mai masaukinsa yana fassara. Abin da ya ɗauko daga hirar bai wuce abu biyu ba: a fara da yaro tun yana firamare, kuma a riƙa yin wasa na gaske da alƙali da lissafi kowane mako, ko a kan simintin da ya fi namu lalacewa. Ga kuma Sudan ta Kudu, zuwanta na farko ke nan gasar, ta tafi gida da matsayi na uku.

A kan wannan kwamiti ya amince a buɗe sashen 'yan mata da komawa makaranta a watan Satumba. Ba mu yi gaggawa ba. Ni da Koci da wata malamar motsa jiki da ta ba da kanta kyauta muka bi gida-gida muna gaida iyaye. Sharuɗɗan da muka gabatar su ne: safiyar Asabar kawai, cikin makaranta mai katanga da ƙofa a rufe, malama tana nan daga farko har ƙarshe, ba namijin da zai shiga sai Koci, sutura kuma dogon wando da riga mai dogon hannu da hijabi. Wani uba ya tambaye mu, in yarinya ta yi nisa a wasan ba za a ce ta cire lulluɓi ba? Muka shaida masa cewa tun 2017 FIBA ta halatta wasa da abin rufe kai a dokokinta. Ya yi shiru, ya ce a ba shi mako guda. Ranar Asabar ta biyu sai ga 'ya'yansa biyu, kakarsu ta rako su da tabarmarta, ta shimfiɗa a gindin darbejiya ta zauna tana jan carbi. Har yau ba ta fasa zuwa ba. Akwai gidajen da suka ce a'a, mun yi musu godiya, ba mu sake matsa musu ba.

Mun sayo ƙwallo mai lamba 6 da mata ke wasa da ita, da mai lamba 5 ta ƙanana, wani maƙeri a cikinmu kuma ya haɗa mana kwando mai gajeren ƙarfe, domin na manya mita 3.05 ne daga ƙasa, hannun 'yar shekara tara ba ya kai jifa can. Ina wurin ranar da ƙaramarsu ta fara jefawa ya shiga, bayan mako uku tana gwadawa. Ta tsaya cak tana kallon ragar tana lilo, sannan ta ruga wurin kakar nan, wadda ba ma tata ba ce, ta faɗa jikinta. Da Koci ya nuna musu hoton tawagar Najeriya a waya ya karanto sunan Murjanatu Musa, sai da suka sa ya maimaita.

Ɓangaren maza ma ya amfana. An koya wa samari biyu aikin tebur, yanzu kowane wasan Juma'a da yamma ana rubuta maki da laifin kowa, ana kuma ƙirga daƙiƙa 24 da waya. Yaran da suka saba riƙe ƙwallo su yi ta gwaninta sun ji jiki a makonnin farko. A wasan sada zumunci da 'yan'uwanmu na Daura a watan Nuwamba an ga bambanci a tsaron gida, ko da yake su suka yi nasara da tazara kaɗan. Mun gode musu da tarba da fura.

Akwai abin da ba mu yi ba, kuma dole a faɗa. Fili yana nan da tsagarsa, damina ta ƙara buɗe ta. A watan Oktoba ƙafar wani yaronmu ta faɗa ciki ya gurɗe, ya yi wata guda ba ya takawa sosai. Dattawan da suka yi gargaɗi a watan Mayu suna da hakkin su tuna mana, kuma na je da kaina na ba mahaifinsa haƙuri a madadin ƙungiya. Wani ofishi da ya yi mana alkawarin siminti tun farkon shekara mun yi sawu biyar, ba mu samu komai ba, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina jira. Horon alƙalan wasa da muka tsara bai yiwu ba. Kuɗin wata-wata kuma membobi da dama sun yi baya, ciki har da wasu 'yan kwamiti.

Muna miƙa ta'aziyya ga iyalan maigadin makarantar da muke atisaye, wanda ya rasu a watan Yuni. Shekara da shekaru yana buɗe mana ƙofa yana ajiye mana ƙwallaye a ɗakinsa. Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa.

A babban taro za a nemi amincewarku a kan karo-karo na musamman don zuba sabon siminti kafin ruwan farko, kuma mai ba da buhu ko yashi ko aikin hannu duk za a rubuta masa. Za a kuma tattauna ɗan abin sabulu ga malamar 'yan mata, wadda take biyan kuɗin Keke Napep daga aljihunta tun Satumba, da neman mace ta biyu da za ta koyi horarwa a hannun Koci, domin yaran sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda yake da ƙanwa ko 'ya da ta yi karatun motsa jiki kuma take da sha'awa, ya same ni ko Shugaba kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya,
Katsina, Disamba 2025