A raba almarar Dwarka da abin da masu nutso suka gani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji shirinku na tarihin duniya inda mai gabatarwa ya ce an gano Dwarka, birnin Krishna (ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu), a ƙarƙashin tekun Indiya, kuma wai shekararsa 9,000. Ina da gyara, don an cakuɗa zance biyu.

Dwarka gari ne da ke nan har yau a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, a bakin Tekun Larabawa. A ruwayar Hindu, Krishna ya kwashe jama'arsa, Yadawa, daga Mathura saboda Sarki Jarasandha ya hana su sakat da hare-hare, ya kafa musu birni a gaɓar teku. Bayan yaƙin Kurukshetra, babban yaƙin da aka gwabza tsakanin 'yan uwa kan sarauta, sarauniya Gandhari, wadda 'ya'yanta ɗari suka hallaka, ta yi wa Krishna baki cewa danginsa ma haka za su ƙare. Shekara 36 bayan nan Yadawa suka sha giya suka karkashe junansu, wani maharbi ya hango ƙafar Krishna cikin daji ya ɗauka barewa ce ya sakar masa kibiya. Arjuna, jarumi aminin Krishna, na fitar da mata da yara, teku ta haɗiye birnin a bayansu. Haka Mahabharata, tsohon littafin waƙar tarihi na Hindu, ya kawo. Labari ne mai ratsa zuciya, kuma mabiya addinin suna riƙe da shi hannu bibbiyu: Dwarka na cikin manyan wuraren ziyararsu huɗu, har firaministan Indiya Narendra Modi ya yi nutso a can a watan Fabrairun 2024 ya yi addu'a.

To me aka gani a ruwan? A shekarun 1980 masanin kayan tarihi S. R. Rao ya jagoranci masu nutso daga cibiyar binciken teku ta Goa. Sun samo sassaƙaƙƙun duwatsun gini da manyan duwatsu masu huji waɗanda ake tsayar da jirgin ruwa da su. A tsibirin Bet Dwarka kuma an tono fasassun tukwane na wajen shekara 3,500. Rao ya yi imani birnin Krishna ne. Masanan da suka biyo bayansa sun ce yawancin duwatsun jiragen na tashar fatake ce ta zamanin da Larabawa ke cinikayya da Gujarat. Zancen shekara 9,000 kuwa daga wani bincike da aka yi a mashigin Khambhat a 2001 ya fito, wuri ne daban, kuma masana da dama ba su gamsu da shi ba.

Mu ma ai muna da rijiyar Kusugu a Daura, ana zuwa ana shan ruwanta, amma ganin rijiya bai zama shaidar macijin ba. Don Allah idan za a sake kawo irin wannan, a riƙa cewa "a ruwayarsu", sannan a gayyato masanin kayan tarihi ya faɗi nasa.

Na gode,
Mai sauraronku daga Katsina