Godiya ga ma'aikatan sashen kwamfuta da lissafi na kamfanin da muke ɗauko rodi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni mai sayar da rodi ne a nan Gusau, kuma na daɗe ina ɗauko kaya daga wurinku. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin a cikin maganata akwai tsohon ƙorafi, kuma abin da aka riga aka gyara bai kamata a liƙa wa mutum shi a bainar jama'a ba. Ku da abin ya shafa kun san kanku, abokan sana'ata kuma sun san inda na dosa.

Dalilin wannan takarda shi ne aikin da kuka yi na sauke tsohuwar manhajar da kamfani ya shekara da shekaru yana tafiya a kanta, kuka ɗora sabuwa wadda ta haɗa sito da sikeli da ofishin kuɗi da ƙofar fita wuri guda. Kun ce mana sunanta ERP. Ni dai ban riƙe fassarar ba, abin da na riƙe shi ne motata ta daina kwana a Funtuwa.

Wanda ba ya cikin harkar zai ce mene ne haɗin kwamfuta da kwanan mota. To, a da in na tura kuɗi, sai akanta ya gani a banki, ya rubuta a takarda, a kai wa wani dattijo guda ɗaya da ya iya tsohuwar na'urar, mai baƙin allo da koren rubutu. Shi zai buga, ya fitar da takarda, a kai sito. Mai sito kuma yana da nasa littafin daban, sau da yawa na'ura ta ce akwai kaya, shi ya ce an loda wa wani tun jiya. Ran da dattijon nan ya tafi jana'iza ko zazzaɓi ya kama shi, kowa sai ya zauna. Motar da ya kamata ta bar ƙofa da hantsi sai ta fita bayan la'asar, kuma duk direban da ya san hanyar Funtuwa zuwa Tsafe a shekarun nan ba zai shige ta da duhu ba, ni ma ba zan ce ya shiga ba. Sai ya kwana, in biya kuɗin kwana da na gadi, mai gini yana nan ya tara leburori za a zuba kankaren dakin na bene, yana kirana kamar na ci masa amana. Yanzu kuɗi na shiga, saƙo yake zuwa wayata da lambar oda da ranar lodi, kuma ranar ce ake lodin.

Abin da ya fi cin raina a da kuwa shi ne rigimar tan da ƙidaya. Ku da tan kuke sayarwa, mu da ɗai-ɗai muke sayar wa magina. Rodi mai milimita 12, in tsawonsa mita 12 ne kuma kaurinsa ya cika, nauyinsa kusan kilo 10.7 ne, wato wajen guda 94 a tan ɗaya. Mai 16 wajen 53 ne, mai 10 kuma wajen 135. Kowane yaron shago ya haddace wannan. Amma tsohuwar manhajar nauyi kawai ta sani, yaran lodi kuma ƙirga suke yi, mai sikeli yana rubuta nasa da biro. In aka sami bambancin guda biyu kacal a kowane tan, a tirela mai tan 30 an yi maganar rodi 60 ke nan, kuma babu takardar da za ka riƙe ka ce ga inda suka shiga. Mun sha zargin direbobi, Allah Ya yafe mana, na tabbata wasunsu ba su ci ba, ba su sha ba. Yau takarda ɗaya ce take zuwa da nauyin mota fanko, da nauyinta da kaya, da yawan ɗauri, da adadin rodi, har da lambar narkin da aka yi ƙarfen. Kwanaki wani mai ɗaurin rodi ya kawo min ƙarar cewa wasu suna tsagewa wajen lanƙwasa. Lambar nan kawai na karanta a waya, aka gano daga wane narki suke, aka musanya min ba tare da an ce in rantse ba.

Ba zan manta Fabrairun 2020 ba, lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Na'urar ta ƙi karɓar sabon lissafi, muka yi ta karɓar rasit an soke da biro an rubuta wani adadi a gefe. Haka bayan watan Yunin 2023 da aka saki naira, farashi ya riƙa sauyawa kafin takarda ta gama zagayenta, ka biya a kan wani kuɗi a ce maka sai ka yi ciko. Yanzu farashin da kuɗinka ya tarar shi ne naka.

Amma in gaskiya za a bi, ba na'urar nake yi wa godiya ba, don kuɗi ne ya saye ta. Yadda kuka ɗauki aikin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Injiniya, kai da abokan aikinka biyu kun tako har Gusau, kun zauna a kan bencin shagona cikin ƙurar rodi, kuna tambayar yarana yadda suke ƙirga ɗauri. Na zaci zuwan ganin ido ne. Sai Hajiya akanta ta buɗe jaka ta fito da lissafina na shekaru, ta ce kafin a kwashe bayanai zuwa sabon wuri sai mun bi shi layi-layi, abin da muka yarda da shi ne kaɗai zai ƙetare. Mun wuni a kai. A nan aka gano wani kuɗi nawa na kayan da na taɓa mayarwa, wanda ni kaina na fitar da rai da shi, yana maƙale a ƙarƙashin sunana da aka rubuta iri biyu. Da kun yi shiru babu mai sani. Aka haɗe sunayen, aka mayar min da haƙƙina. Aka kuma gano wani ɗan bashi da ake bina, na biya, ban ji ciwo ba.

Na tambaye ka me ya sa sai yanzu, tunda abin yana ɗan lallaɓawa. Ka ce manhaja ma tana tsufa, masu ita suna daina kula da ita, har ka ba ni misali da SAP, babban kamfanin nan na Jamus, wanda ya sanar cewa kulawar da ya saba bai wa tsohon tsarinsa na ECC za ta ƙare a ƙarshen 2027. Ka ce gara a sauya ana cikin natsuwa da a wayi gari allo ya ƙi kamawa. Na kuma yaba da kuka bar tsohuwar da sabuwar suna tafiya tare na ɗan lokaci, kuna gwada lissafin wannan da na waccan, ba ku tuge ɗaya dare ɗaya ba. Dattijon nan ma ba ku ture shi gefe ba. Shi kuka zaunar ya warware muku lambobin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, kuma na ji yanzu shi ke koya wa sababbin yara.

Mu mutanen Zamfara ba mu manta Satumbar 2021 ba, da aka katse layukan waya a jihar nan, sai mutum ya yi tafiya ya fita iyaka kafin ya ga alat. Da na kawo wannan, ba ku yi dariya ba. Kun bar mana hanyar takarda mai lamba da hatimi, wadda za a shigar daga baya in layi ya dawo.

Makon farko an sha wuya, wannan kam sai an faɗa. Sau biyu odata tana fitowa da sunan wani garin, amma duk kiran da na yi an ɗauka. Roƙona ɗaya da ya rage shi ne saƙonnin da ke zuwa waya, duk da Turanci suke, kuma da yawa daga cikinmu sai an nemo yaro ya karanta, sirrin kuɗin mutum ya fita. In da hali a sa Hausa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuri'arku albarka, Ya tsare direbobinmu a hanya. Injiniya, in kun sake shigowa Gusau ku biyo, bencin yana nan, wannan karon kuma sai kun tsaya kun ci tuwo.

Naku,
Mai sayar da rodi,
Gusau, Jihar Zamfara.