Wasiƙar Makaranta: Zazzaɓi da Ƙuraje a Ajin Reno

Ya ku iyaye da masu riƙon yara, assalamu alaikum.

A zangon nan yara da dama a ajin reno sun kwanta da zazzaɓi, wasu kuma ƙuraje suka feso musu bayan zafin ya sauka, shi ya sa muka ga ya dace mu yi muku bayani kan wani dangin ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira hafis.

Iri takwas ne ke kama ɗan'adam, kuma wanda kowa ya sani a cikinsu shi ne mai kawo ƙaranbau. Akwai mai fito da ƙurji a gefen leɓe, akwai HHV-6 wanda ke kama yawancin yara kafin su cika shekara 2, ya sa zazzaɓi mai zafi na kwana uku zuwa biyar, sai ƙuraje jajaye su biyo baya, har iyaye su ɗauka ƙyanda ce. Duk wanda ya shiga jiki ba ya fita, sai dai ya lafa, don haka ba abin mamaki ba ne a sami biyu ko uku tare a jikin yaro guda yana wasansa lafiya ƙalau. Yawancinsu ta yawu suke bi, kuma duk malamar da ta taɓa ganin alawa ɗaya ta zaga bakin yara huɗu a lokacin tara ta san yadda hakan ke faruwa.

Damuwarmu ta fi karkata ga wanda yaron zai kai wa cutar a gida. Ƙwayar CMV, ɗaya daga cikin dangin nan na hafis, kan daɗe watanni tana fita a yawu da fitsarin yaro, idan kuma ta kama mai juna biyu, jaririn na iya zuwa da matsalar ji. Saboda haka mai ciki ta daina cin ragowar abincin yaro, ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi masa tsarki. Mai ƙurji a leɓe kuma kada ya sumbaci jinjiri.

Haɗuwar da ta fi shafar yankinmu ita ce ta ƙwayar Epstein-Barr (ita ma daga dangin hafis take) da maleriya mai yawan dawowa, wadda ke da hannu a sankarar muƙamuƙin yara da Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ba kasafai take faruwa ba, amma gidan sauro ya zama wajibi, kumburin muƙamuƙi mai saurin girma kuma a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Maganin antibiyotik na kemis ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, kuma ba a ba mai ƙaranbau asfirin, sai farasitamol daidai nauyinsa da ruwa mai yawa. Jijjiga, sanƙarewar wuya, ko ƙin sha gaba ɗaya, aikin likita ne nan take. Mai ƙaranbau ya zauna gida har ƙurajen su bushe duka, sannan daga ranar Litinin kowane yaro ya zo da gorar ruwansa mai ɗauke da sunansa.

Wassalam,
Hukumar Makaranta