Wa ya gaya wa baƙonku cewa kowa da gaskiyarsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Kuka na kawo a kan shirinku na rediyo na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci.

Baƙonku ya yi ta yawo da mu daga Girka zuwa Faransa zuwa Jamus, ya rufe da cewa wai masana falsafa sun gano gaskiya ba ɗaya ba ce, kowa da tasa. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, Dakta" yake ta yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi wa ya faɗa ba.

Ga abin da maganar ta haifa a gidana. Ɗana da ke ajin ƙarshe a sakandare yana taya ni zaman shago, yadi muke sayarwa, kuma tare muka saurari shirin. Ranar Talata wata baiwar Allah ta dawo da shadda, ta ce kuɗin yadi biyar ta biya, amma tela ya auna ya ga huɗu da rabi. Yaron ne ya yanka mata. Na ce masa yaya aka yi? Budar bakinsa sai ya ce, "Baba, ai kowa da gaskiyarsa, ita a ganinta ne bai cika ba." A gaban matar! Na ɗauko tef na shimfiɗa shaddar a kan kanta, huɗu da rabi cif. Na yanka mata sabuwa na ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan ra'ayi na kowa da gaskiyarsa, wato mutum shi ne ma'aunin komai, na wani masanin falsafar Girka ne mai suna Furotagoras, kuma tun a Girkar Aflatun ya yi masa raddi. Aristo ma cewa ya yi gaskiya ita ce ka faɗi abu yadda yake. Me ya sa baƙonku ya ɗauki ra'ayin ɓangare guda ya jingina wa falsafa baki ɗaya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce Dekart, masanin falsafa ɗan Faransa, shi ne ya fara shakkar abin da ido ke gani, a littafinsa na 1641. Imam Gazali fa? Ya rasu a 1111, sama da shekara 500 kafin nan, kuma ya rubuta yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu. Ya ce ka dubi inuwa, za ka rantse a tsaye take, bayan sa'a guda ka ga ta gusa. Ka dubi tauraro kamar girman dinari, lissafi kuwa ya nuna ya fi duniya girma. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ashe ganin ma yana ruɗi. Har hankalin kansa ya tuhuma da misalin mafarki. Ina yaro malaminmu a zaure yakan ja layi da yatsa a ƙasa daidai bakin inuwar katanga, mu ci gaba da karatu, kafin la'asar ya nuna mana inda ta kai. Amma Gazali bai zauna a cikin shakkar ba. Ya bi malaman kalam masu kare aƙida da hujjar hankali, da Baɗiniyya masu cewa sai limami ma'asumi ke koyar da gaskiya, da 'yan falsafa da Sufaye ɗaya bayan ɗaya yana neman yaƙini. Shi kansa Dekart ɗin tabbas yake nema.

Ga Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1198. Ya ce mutane kashi uku ne wajen karɓar gaskiya: wani sai da hujja yankakkiya, wani da muhawara, wani wa'azi mai ratsa zuciya ya ishe shi. Hanyoyin ne suka bambanta, domin shi ne ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, sai dai ta yi mata shaida. Da baƙonku ya faɗi wannan kaɗai, da ɗana bai samu abin fakewa ba. Ko Shehu Magili da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kare manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja da hankali, daga sukar Imam Suyuɗi mai haramta shi, ba a ambace shi ba. A gidan rediyon Hausa!

Sannan don Allah ku duba tallan maganin basir ɗin nan. Sau uku ya katse shirin, kuma muryarsa ta ninka ta masu magana, sai mutum ya yi ta rage rediyo yana ƙarawa. Layin wayarku ma na kira har na gaji, bai shiga ba.

Ina roƙon ku sake shirin a daidai wannan lokaci, ku haɗa Daktan da malamin da ya karanta manɗiƙi a zaure, su zauna teburi ɗaya. Zan sa yaron ya zauna kusa da ni mu saurara.

Naku mai sauraro,
wani ɗan kasuwar yadi daga Zariya